Nomau da Dillalin Cikin Waya

A Kafin Marke, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan wani bawan Allah da ake kira Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada ma wani ya kai shi can. Yana salla a kan lokaci, yana noma kamar ba ya gajiya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da duniya ta juya tsakanin faɗarka da aikinsa. Matarsa Tasalla ta taɓa aikensa ya sayo daddawa wajen Gwaggo Ladiyo, ya tarar Gwaggo ta tafi suna wani gari, sai ya bi ta can a ƙafa, yana wuce masu daddawa a bakin hanya yana gaishe su. Washegari ya dawo da daddawar a aljihu, yana ta murna.

Mutanen gidan ba su da yawa. Daga shi sai Tasalla, sai mahaifiyarsa Inna, sai ƙaninsa Safiyanu mai aikin tayil a Abuja, wanda ya gama sakandare, tun daga ranar kuma bakinsa bai sake hutawa ba. Dukiyar gidan gaba ɗaya shanun huɗa ne guda biyu, ja da fari, waɗanda mahaifinsu ya bari. Da su ake noma abincin shekara, da su ake yi wa wasu huɗa a sami na cefane.

Da rani Safiyanu ya zo gida da sabuwar magana. Ya ce asara ce a yi ta ciyar da shanu suna kwance, gara a sayar, a zuba kuɗin a kirifto, kuɗin nan na intanet da ake saye da sayarwa, a bar wa wani abu wai shi bot.

Inna ta ce, “Ɗan gidan wa ne?”

Ya ce, “Ba mutum ba ne, Inna. Dillali ne a cikin waya, ba ya barci, ba ya cin abinci. In farashi ya sauka ya saya, in ya hau ya sayar. Kafin ruwan farko mu fanso shanunmu, mu ƙara da amalanke.”

Inna ta ƙi, ya yi ta naci har ta gaji ta yarda. Ni da nake jiyo su ta katanga raina bai so ba, amma ba a tambaye ni ba. Aka kai shanu kara, kasuwar dabbobi, aka sayar, Safiyanu ya yi 'yan danne-dannensa, sannan ya damƙa wa Nomau babbar wayar, saboda a kangon da suke kwana a Abuja waya ba ta wayar gari a aljihun mai ita. Ya ce duk sanda dillali ya saya ko ya sayar za a ji 'yar ƙara, a kira shi ta ƙaramar wayar Tasalla. Ya hau mota ya tafi.

Wata rana, bayan an kwana biyu waya ba ta ce uffan ba, Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya kira ƙaninsa. Safiyanu ya ce, “Wataƙila ta yi ƙara ba ka ji ba, Yaya. Gidanmu da hayaniya. Ka tabbata babu abin da zai hana ka ji.” Nomau ya ce to. Ya kama zakaran gidan ya jefo mini ta katanga, ya kwance akuya ya kai ta bayan gari ya ɗaure, ya kashe rediyon Inna ana tsakiyar gaishe-gaishe. Tasalla ta zuba gero a turmi ta ɗaga taɓarya, sai ji ta yi an riƙe ta daga baya.

Ta ce, “Malam, lafiya?”

Ya ce a hankali, “Dillali zai yi magana.”

Ta ce, “To ka tambaye shi ko zai tuƙa mana tuwo.”

Ranar rogo aka ci a gidan, kowa yana tauna a hankali, Nomau ya kafa kunne a jikin waya har gefen fuskarsa ya yi shati. Dillali bai yi magana ba.

Wata rana kuma Safiyanu ya kira daga wajen aiki, ana jin ƙarar injin yankan tayil a bayansa. Ya ce, “Na yi tambaya. Wai wani lokacin abin daskarewa yake yi. Ka kashe ta ka kunna.” Nomau ya ce, “Har yaushe?” Safiyanu, da yake oga na harararsa, ya ce, “Har ta yi aiki mana,” ya katse. Nomau ya shimfiɗa buhu a zaure ya zauna. Ya kashe, ya kunna. Da fuskar wayar ta kawo haske bai ji ƙara ba, sai ya sake kashewa. Baiwar Allah ba ta ko gama buɗe ido sai ya rufe mata. Haka ya wuni, salla kaɗai ke tayar da shi, in zai tafi masallaci kuma ya bar wa Tasalla aikin, ita kuwa ta kifa wayar a kan faifai ta ci gaba da tsintar wake. Kafin la'asar babban yatsansa ya kumbura, caji ya ƙare, wayar ta mutu da kanta. Nomau ya zo wajena ido jajir ya ce, “Maƙwabci, yanzu ta yi rabin aikin da kanta, saura kunnawa.” Na so in yi dariya, sai na hango garmarsu jingine a kusurwar zaure ta fara tsatsa, dariyar ta koma.

Lokacin bazara ta kama sosai. Mutane sun fara sharar gona, jakai na ta kai taki, da yamma kowa sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Inna ta daina cin abinci da kyau. Ba ta kiran sunan Nomau, da yake ɗan fari ne, sai dai ka ji ta ce, “Kai, wannan, abin naku ya motsa?” Ya ce bai motsa ba. Ta yi tagumi, ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake tambaya.

Wata rana aka karɓo wayar daga wajen mai caji ta yi zafi zau. Nomau ya kira Abuja hankali a tashe. Safiyanu ya ce, “Zafi na hana ta aiki. Ka nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi ka ajiye ta, kada dai ruwa ya taɓa ta.” Nomau ya zagaya gida yana taɓa ƙasa da tafin hannu, ya gwada gindin randa, ya gwada ƙarƙashin rumbu, bai gamsu ba. Ya sa wayar a ƙwarya, ya sa ƙwaryar a guga, ya nufi rijiyar unguwa ya zura a hankali har ta kusa ruwa, ya ɗaure igiyar a ƙugunsa ya tsaya. Mata suka zo ɗiban ruwa ya hana, wai gugansu zai yi fantsali. Layin bokitai ya kai har gindin bishiyar maina. Uwargidana ta dawo da tulu wayam tana faɗa, ni ta huce a kaina kamar ni na haifi Nomau. Sai da mai unguwa ya zo da kansa aka kira Safiyanu a gaban jama'a.

Safiyanu ya ce, “Haba Yaya, a cikin rijiya wane sabis za ta samu?”

Nomau ya ce, “Ai sanyi ka ce, ba ka ce sabis ba.”

Safiyanu ya ce a fito da ita a kai ta Tudun Maƙera. Tudun nan shi ne wurin da sabis ya fi ƙarfi a duk garin, can kowa ke hawa in yana son magana mai tsawo. Daga ranar Nomau ya koma can da wuni, waya a ɗage sama, dillali kuwa ko gezau.

Wata rana, ranar kasuwa, Inna ta kasa haƙuri. Ta ji labarin shanunsu har yanzu suna hannun Alhaji Mamuda dillalin kara, ya kiwata su yana jiran damina. Ta ce wa Nomau, “Ka je ka jiyo farashi. Amma kada ka dube su, in ya ga idonka a kansu zai tsawwala.” Nomau ya tafi. Tun daga bakin kara ya juya baya, ya shiga da baya da baya, yana taka kashin shanu yana ba mutane haƙuri, har ya isa gaban Alhaji Mamuda ya tsaya ya ba shi ƙeya.

Ya ce, “Alhaji, barka da kasuwa. Nawa ne shanun da ba na kallo?”

Kafin Alhaji ya amsa, jan san ya jiyo muryar da ya sani. Ya ja igiyarsa ya matso, ya sa hanci a wuyan Nomau, ya fara lasar masa kunne. Nomau bai juya ba. Ya tsaya ƙiƙam, ido a rufe, hawaye na bin kuncinsa, kara gaba ɗaya na kallo. Alhaji Mamuda ba yaro ba ne, nan take farashi ya hau. Sai dai shi ma abin ya taɓa shi, don ya san mahaifinsu. Ya ce, “Ka gaya wa Inna zan riƙe muku su har ruwan farko. Ranar da ƙasa ta jiƙe, wanda ya riga kawo kuɗi shi ne da su.” Nomau ya fita da baya kamar yadda ya shigo, bai dubi shanun ba har ya bar kara.

Daga nan barci ya ƙaurace wa gidan. Tasalla ta kira Safiyanu da kanta, da yake akwai wasa tsakaninsu, amma ranar ba wasa a muryarta. Ta ce, “Ɗan boko, dillalinka ya fi ƙarfin mu. Ka fito mana da kuɗin shanu.” Ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan, kunya ce a ce an sayar da shanu an zauna watanni ba a ci ribar ko allura ba, yana nan yana neman wanda zai gyara.

Wata rana kuwa ya kira da sassafe, murya cike da murna. Ya ce ya samu wani Injiniya a wani zauren hira na 'yan kirifto, mutumin kirki, abokansa duk sun ba shi nasu yana gyarawa kyauta. Ya ce, “Zai kira ka. Zai sa a turo wasu lambobi cikin wayar da ke hannunka, sai ka karanta masa da sauri, don ba sa jimawa suke lalacewa. Ni ina kan bene yau, oga ya hana riƙe waya. Amma Yaya, lambobin nan sirri ne. Kada ka karanta su inda wani zai ji.” Nomau ya maimaita maganar har ta zauna, ya haɗa babbar wayar da ƙaramar ta Tasalla, ya hau Tudun Maƙera.

Injiniya ya kira da hantsi, muryarsa mai laushi, har da tambayar lafiyar iyali. Lambobi suka shigo. Nomau ya buɗe baki, sai ya waiwaya ya ga wata tsohuwa tana magana da ɗanta na Legas, ga wani mai awaki yana ciniki ta waya, ga wasu samari a kan dutse. Ya ce, “Injiniya, dakata, akwai mutane.” Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su sauka, wai zai faɗi sirri. To a Kafin Marke ka ce wa mutum akwai sirri sannan ka ce ya tafi? Waɗanda suka gama wayarsu ma suka fasa sauka. Kafin ya lallashi tsohuwar, lambobin sun lalace.

Aka turo wasu. Ya gangara bayan tudu inda ba kowa, sabis ya ɗauke. Ya hawo a guje, ya tarar labari ya shiga gari, mutane sun ninku, har mai ƙosai ta kawo kaskonta. Ya lulluɓa da riga ya tsuguna, ya hango ƙafafu kewaye da shi ta ƙasan rigar, ya fasa. Ni ma ina wurin, ba zan ɓoye ba, ina daga cikin na gaba-gaba. Haka aka wuni, lambobi na zuwa suna lalacewa, Nomau na zarya daga wannan gefen tudu zuwa wancan, gumi har tafin ƙafa, laushin muryar Injiniya kuma yana raguwa da kowane kira.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso mai ƙamshin ruwa, kowa ya tuna da shanya da awaki, tudu ya watse cikin ɗan lokaci. Ni na tsaya a gangare bayan wata kuka ina leƙe. Nomau ya dubi hadarin, ya tuna da wa'adin Alhaji Mamuda, don ya san abin da ruwan nan ke nufi. Waya ta yi ƙara, lambobi suka shigo, ya ce, “Injiniya, yanzu kam ba kowa.” Sai ya ji tari a bayansa. Inna ce. Zaman gida ya gagare ta, ta dogara sanda ta hawo tudun da rabonta da shi an yi shekaru, ta sami dutse ta zauna tana haki.

Nomau ya ce, “Inna, ruwa zai sauko.”

Ta ce, “Ya sauko. Ina nan sai na ga ƙarshen abin nan.”

Injiniya ya ce, “Wace ce kuma?”

Nomau ya ce, “Inna ce.”

“To ka ce ta tashi ta ba ka wuri.”

Nomau ya ce, “Ni in ce wa Inna ta tashi?”

“To karanta a gabanta, ai tsohuwa ce, me ta sani?”

“An ce kada wani ya ji. Inna tana ji sarai.”

Nan Injiniya ya fito da ainihin halinsa. Ya zagi Nomau, ya zagi garin, ya haɗa da tsohuwar, ya katse. Nomau ya yi ta kira ba a ɗauka, har cajin wayoyin biyu ya ƙare. Hadarin kuwa ya yi ta gurnani, ya zubo ɗigo kaɗan da ko ƙura bai kwantar ba, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Nomau ya riƙo hannun Inna suka gangaro. Ban taɓa ganinsa cikin baƙin ciki irin na ranar ba, yana ta faɗi shi kaɗai cewa aike ɗaya aka ba shi mai muhimmanci ya kasa.

Washegari da hantsi sai ga Safiyanu a kan acaɓa, da kayan aikinsa a jiki, siminti har gira. Ashe da ya sauko daga bene ya tarar abokansa na kuka: duk wanda ya karanta wa Injiniyan nan lambobi, an share asusunsa tas, mutumin kuma ya ɓace daga zauren. Ya kira gida wayoyi a kashe, ya hau motar da ya fara samu. Ko sallama bai iya yi daidai ba, ya tsaya a tsakar gida.

Ya ce, “Yaya, ka karanta masa?”

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, “Ka yafe mini, Safiyanu. Na yi iya ƙoƙarina. Mutane ne suka ƙi tafiya, daga baya kuma Inna ta zo.”

“Ko ɗaya ba ka karanta ba?”

“Ko ɗaya. Amma in ka ba ni lambarsa zan ba shi haƙuri.”

Safiyanu ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu. Da aka sami caji ya buɗe asusun, kuɗin shanu na nan yadda ya zuba su. Ya yi ta dube-dube, can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce laifin nasa ne tun ranar farko: wajen saita abin ya ba bot izinin kallon kasuwa, ya manta bai ba shi izinin ciniki ba. Duk watannin nan kallo kawai yake yi.

Nomau ya ce, “To ai bai yi laifi ba. Abin da ka ce masa ya yi.”

Safiyanu ya ce dannawa ɗaya ce ta rage abin ya fara aiki. Bai ƙarasa ba Inna ta dube shi, kallo ɗaya, ya mayar da yatsansa. A ranar ya fitar da kuɗin wajen mai POS na bakin tasha, muka rankaya gidan Alhaji Mamuda, gabas na sake haɗa baƙi. Kuɗin bai kai sabon farashi ba. Safiyanu bai yi ciniki mai tsawo ba, ya goge abin da ke cikin babbar wayar, ya ɗora ta a kan kuɗin, Alhaji ya juya ta ya ce ya sallama.

Aka kwanto ja da fari. Safiyanu ya miƙa wa yayansa igiyoyin ya ce, “Yaya, riƙe, kada ka saki.” Ba mu kai rabin hanya ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ni da Safiyanu muka ruga wata rumfa muka fake. Nomau bai ko waiwayo ba, ya naɗe igiyoyin a hannu yana tafe a tsakiyar hanya tsakanin shanunsa, ruwa na dukansa, yana yi musu magana. Na buɗe baki zan ce ya ɗaure su ya zo ya fake, Safiyanu ya dafa ni.

Ya ce, “Ƙyale shi, Baba. A gidanmu shi kaɗai ne in an ba shi abu yake riƙewa.”